Yadda Ake Bin Diddigin Kalmomin Zumunta a Harshen Sikots

Ɗalibin nazarin harshe a Zariya da ya ɗauki aikin bin diddigin kalmomin zumunta a Sikots, ɗaya daga harsunan ƙasar Sikotilan, ya kamata ya fara da bambance harsuna biyu da ake yawan haɗawa. Sikots ya fito ne daga tsohon Ingilishin yankin Nosambiriya, wato arewacin Ingila da kudu maso gabashin Sikotilan, shi kuwa Gelik, wanda ake ji a tsaunukan arewa da tsibiran yammacin Sikotilan, dangin harshen Ailan ne.

Bayan haka sai ya nemi ƙamus biyu na Sikots da aka haɗa wuri guda a intanet kyauta tun 2004: DOST (Dictionary of the Older Scottish Tongue), mai ɗauke da kalmomin da aka rubuta kafin 1700, da kuma SND (Scottish National Dictionary), wanda ya ɗora daga 1700 kuma aka kammala shi a 1976. A kowace kalma ya duba siffarta mafi tsufa da shekarar da aka fara ganinta a rubuce, domin kamannin sauti kaɗai ba hujja ba ne.

Kalmomin cikin gida ba su da wahala. Mither, faither, brither da dochter, wato uwa, uba, ɗan'uwa da 'ya, duk gado ne daga tsohon Ingilishi, sai dai dochter ta riƙe sautin maƙogwaro irin na ha mai ruwa, wanda Turancin yau ya zubar. Ga yaro kuma akwai bairn a gabashin Sikotilan, mai kama da barn ta mutanen Sikandinebiya, da wean a wajen birnin Gilasgo da ke yamma, wadda aka haɗa daga wee da ane, ma'ana ɗan ƙarami.

Inda na fi so a tsaya a natsu shi ne kalmar eme. Ƙamus zai nuna cewa ana kiran ɗan'uwan uba ko na uwa da ita, amma kakarta a tsohon Ingilishi, eam, ɗan'uwan uwa kaɗai take nufi, kuma tana da 'yan'uwa a Jamusanci da harshen Holan, Oheim da oom. A nan Bazazzagi ya fi Baturen yau saurin fahimta, domin mu har yanzu kawu daban, baffa daban, kuma kowane yaro a Tudun Wada ko Ƙofar Doka ya san gidan da zai je idan aka ce a gaida kawu. Saboda haka a rubuta ma'anar farko da ma'anar baya a gefe guda, a lura da lokacin da bambancin ya ɓace.

Daga nan a koma ga aro, kamar yadda mu ma muka karɓi goggo da baffa daga Fulfulde ta hanyar zaman tare da auratayya. Kalmar jika a Sikots, oe ko oy, daga ogha ta Gelik aka samo ta. Wani aron kuma ya fi ɓuya, domin tsari aka ara aka bar sautin: guidmither, suruka (uwar miji ko ta mata), da guidson, suruki (mijin 'ya), sun bi salon Faransanci na kiran surukai da kyawawa, sai dai Sikots ya ce guid, wato nagari. Haka gutcher, kaka namiji, taƙaitawa ce ta gudesire, kuma sire ɗin ta Faransa ce, ƙasar da Sikotilan ta ƙulla ƙawance da ita a 1295.