Darasi na 7: Duba Hanyar Ruwan Datti Kafin Ka Biya Kuɗin Gida

Mai neman haya ko mai sayen gida idonsa yakan tsaya a kan fenti da silin da faɗin ɗaki, dillali kuma nan yake jan hankalinsa. Da rani ko'ina a bushe yake, daga Tudun Wada har Samaru a nan Zariya, gida mai kyau da marar kyau duk kama ɗaya. Sai Agusta ta zo, ruwa ya zauna, sannan asirin magudana yake tonuwa, alhali an riga an biya kuɗin shekara. Saboda haka ranar da za ka je duba gida, ka tafi da bokiti, ka nemi ruwa ko da saye ne wurin mai garuwa. Idan dillali ya ce, "Alhaji, ai komai lafiya lau," ka ce masa, "To Malam, gani ya kori ji."

Ka fara da banɗaki. Ka sheƙa bokiti guda a ƙasa gaba ɗaya, ka tsaya ka kalla. Daɓe mai kyau yana da gangara, ruwa zai nufi rariya da kansa. In ya kwanta a kusurwa, ka san kullum sai an bi shi da tsintsiya. In kuma yana tafiya a hankali yana ɓul-ɓul, ko dai akwai toshewa a gaba, ko iska ba ta da wurin shiga.

Yanzu ka leƙa ƙarƙashin wurin wanke hannu ko na wanke-wanke. Za ka ga bututu ya lanƙwasa kamar wasalin U da muka koya a farkon wannan littafi. Ruwa kaɗan yana zama a cikin lanƙwasar koyaushe, shi ne yake tare wari da kyankyasai daga ƙasa. Wasu masu aikin famfo sukan tsallake ta don rage kuɗin kaya, su miƙe bututun kai tsaye. Gidan da aka yi wa haka, turare bai isa ya rufe warinsa ba.

Ka zagaya ta bayan ginin. Babban bututun da ya fito daga masai inci 4 ne, na wanka da na kicin kuwa inci 2 ko ƙasa da haka kaɗan. Wanda yake kwance dole ya ɗan sunkuya, wajen santimita 2 a kowace mita ɗaya, wato kusan faɗin babban yatsanka. Ka nemi wani kuma da ya miƙe sama ya wuce rufi, bakinsa a buɗe ko da raga. Wannan shi ne bututun iska. In an yanke shi dab da taga, warin zai dawo cikin ɗaki. Yawancin gidaje yanzu bututun roba suke sawa, ba ta tsatsa, amma in ta daɗe a rana takan yi gautsi ta tsage. Na ƙarfe a tsofaffin gidaje daga ciki yake ciwo, waje kuwa fenti ya rufe. Ka shafa mahaɗa da hannu. Danshi, gansakuka, ko farin abu kamar gishiri a jikin bango, duk alamar yoyo ce.

A ƙasa akwai ɗan akwatin siminti mai murfi, masu aikin famfo suna kiransa camba. Ka ɗaga murfin, ka sa yaro ya jefa guntun takarda a masai ya kora da ruwa. In takardar ta wuce ta gabanka da sauri, hanya a buɗe take. In cambar a cike take tun kafin a zuba komai, ramin sokawe ya cika ko bututu ya toshe. Ka tambaya yaushe aka kwashe ramin, kuma ko motar kwasa tana iya shiga lungun.

A nan sai an yi hattara. Iskar da take taruwa a ramin tana kama wuta, tana kuma sumar da mutum. Kada ka kyasta ashana don ka leƙa, kada ka sa kai ciki, kada ka tsaya a kan murfin da ya tsage.

In gidan yana da rijiya, ka auna tsakaninta da salga ko sokawe. Ma'aikatan lafiya suna so a sami mita 30, kusan taku 40 na babban mutum. A cikin Birni gidaje a manne suke, don haka ka tambayi inda salgar maƙwabci take, wataƙila bayan katangar da ke jikin rijiyar ce. Ta nan taifot da amai da gudawa suke shiga gida.

Gidan ƙasa yana da nasa dubawa. Ka ga ko indararo yana jefa ruwa nesa, ko a gindin katanga yake zuba shi, domin haka katanga take jiƙa har ta zube. Ka bi rariyar tsakar gida zuwa kwatar waje. In kwatar ta fi tsakar gida tudu, ko leda da yashi sun cike ta, ruwan sama zai juyo ciki. A unguwannin da suke gangaren kogin Kubanni ka duba shatin ruwan bara a jikin bango. Ka kuma sa uwargida ta tambayi matan gidan, su ne suke wanki da wanke-wanke, sun fi kowa sanin inda ruwa yake tsayawa.

Duk abin da ka gani ka rubuta shi a takarda, da wanda zai biya gyara, kai ko mai gida, ku sa hannu a gaban shaida kafin kuɗi ya fita daga aljihunka.

Aikin gida: kowa ya zuba bokiti ɗaya a banɗakin gidansa, ya bi ruwan har inda ya ƙare, ya rubuta jimla 5 a kan abin da ya gani. Za mu karanta su a aji mai zuwa.