Yadda ake sayen manyan lasifikoki na gida da zaɓa musu amfilifayar da za ta iya da su

Yawancin masu sayen manyan lasifikoki da ido suke saye. Mutum ya shiga shago a Sabon Gari, ko ya aika a kawo masa daga kasuwar Alaba ta Legas, ya ga akwati ya kai masa ƙugu, da ufa (babban faifan da ke fitar da bes) mai inci 12 ko 15, ya zuba kusan duk kuɗinsa a kai. Ɗan canjin da ya rage sai ya sayi wata ƙaramar amfilifaya mai walƙiyar fitilu da aka rubuta wa 3000W a goshi. Ba a jima ba tuwita (ƙaramar da ke fitar da siririn sauti) ta mutu, sauti ya dushe, sai ka ji ana cewa an sayar masa da jabu. Sau da yawa lasifikar ba ta da laifi, amfilifayar da ba ta kai ba ce ta kashe ta. A kan wannan zan fi daɗewa, sauran kuwa mu bi su da sauri.

Raba kuɗin tun kana gida

Kafin ka fita, ware wa amfilifaya kasonta, kada ka taɓa shi ko da mai shago ya rantse maka cewa akwatin da ke gabanka shi kaɗai ya rage a kasuwa. Ni dokata ita ce kusan rabi da rabi. Idan kuɗin bai isa duka biyun ba, sayi amfilifaya mai kyau ka ci gaba da lallaɓa tsofaffin lasifikokinka, manyan su jira wani albashin. Ka kuma dubi falonka da gaskiya. Ɗakin da bai wuce mita huɗu da huɗu ba ba ya bukatar ufa mai inci 15. Bes ɗin zai taru a kusurwoyi ya yi ta gunji, muryar mawaƙi ta ɓace a ciki. Inci 8 ko 10 ya wadatar a nan. Inci 12 na babban falo ne.

Juya akwatin ka karanta bayansa

Abin da aka rubuta a gaba na talla ne. A baya, kusa da inda ake ɗaura waya, akwai lambobi uku da kake nema.

Na farko om, wato irin nauyin da lasifikar ke ɗora wa amfilifaya. Za ka ga 8 ko 6 ko 4. Ƙaramar lamba ta fi jan wuta, saboda haka mai om 4 ta fi mai om 8 wahalar da inji, wato amfilifayar.

Na biyu wat. Wanda aka rubuta RMS a gefensa shi ne naka, wato ƙarfin da za ta ɗauka a kai a kai ba tare da kwayil ɗinta, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikinta, ya ƙone ba. Idan ka ga lambobi biyu, ƙaramar ita ce ta gaskiya.

Na uku shi ne wanda kusan ba wanda ke dubawa, alhali ya fi sauran tasiri: lambar dB. Tana gaya maka yawan ƙarar da lasifikar ke fitarwa idan an ba ta wat 1 kacal, an auna daga nisan mita 1. Lasifikokin gida galibi suna tsakanin 85 da 92. Masu ƙaho a tuwita, irin na Klipsch da Cerwin-Vega, sukan haura haka.

Ga lissafin da ya kamata ka haddace. Duk ƙarin dB 3 yana cin ninki biyu na wat. Lasifika mai 93 da aka ba wa wat 25 za ta yi ƙara daidai da mai 87 da aka ba wa wat 100, domin tazarar dB 6 ninki huɗu ce. Kuma kafin kunne ya ji cewa ƙara ta ninku sai an ƙara kusan dB 10, wato wat ya ninku sau goma. Wannan ne ya sa wanda ya sayar da amfilifaya mai wat 80 ya ciko kuɗi ya sayi mai 100 yake komawa gida ya kasa jin bambanci: bai ƙara ko dB 1 cikakke ba. Idan akwatuna biyu sun yi maka daɗin sauti iri ɗaya, ɗauki mai babbar lambar dB, ka rage wa kanka kuɗin inji.

Kada girman akwati ya ruɗe ka a nan. Babban akwati ba lallai ya fi ƙarami cin wuta ba, sau da yawa ma ya fi shi sauƙin tuƙawa. Lambobin ne za su faɗa maka, ba tsayinsa ba.

Wat na gaskiya da wat na kwali

A amfilifaya abin da kake nema jimla ce cikakkiya: wat nawa RMS, a kowace tasha (ɓangaren hagu ko na dama), a kan om nawa. Misali 100W + 100W a om 8. Duk inda ka ga PMPO, rufe ido ka wuce. Ba ma'auni ba ne da kamfanoni suka yarda da shi a tsakaninsu, kowa na rubuta abin da ya ga dama. Irin wannan ƙarin gishiri ne ya sa tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka kan yadda za a riƙa bayyana ƙarfin amfilifayar gida a talla. Kayan da ke cika kasuwanninmu ba su san da wannan doka ba.

Akwai hanyar kama maƙaryaci a tsaye. Dubi bayan injin, inda wayar wuta ta shiga, za ka ga yawan wutar da yake ja daga bango. Injin da ke jan wat 60 ba zai iya fitar da 3000 ba, ko 60 ɗin ma ba zai fitar duka ba domin wani kaso na tafiya a zafi. Dubi fiyus ma: mai amfiya 1 a wutar bolt 230 iyakarsa wat 230 ne, na tashoshi biyu a haɗe. Sannan ka ɗaga injin. Amfilifaya irin ta da, wadda ake kira Class AB, nauyinta a taransifoma yake, mai wat 100 a kowace tasha ta gaske za ka ji ta a hannu. Idan ka ɗauke ta da yatsu biyu, ajiye. Sai dai sabbin nan na Class D ba su da nauyi kuma wasunsu na da ƙarfin gaske, su sai ka bi takardarsu da sunan kamfani. Ni dai har yanzu tsohuwar Yamaha ko Pioneer ko Technics ko Sansui ta gwanjo da ba a taɓa buɗe cikinta ba ta fi mini sabuwar da ba a san wanda ya ƙera ta ba, kuma masu gyara sun san cikinsu.

Nawa ya isa, kuma me ya sa ƙaramar ce ke kisa

Amfilifaya ta kai lambar RMS ta lasifika a ƙalla, in da hali ta ninka ta sau ɗaya da rabi har zuwa biyu. Lasifika mai wat 100 a om 8, nema mata inji mai 100 zuwa 200 a om 8. Mutane suna jin tsoron wannan, gani suke babba ce ke fasa lasifika, ƙarama kuwa ba ta da haɗari. Ga abin da ke faruwa a zahiri.

Kowace amfilifaya tana da iyakar bolt da taransifomarta za ta iya ba ta. Kiɗa ba a miƙe yake tafiya ba: yawancin lokaci wat kaɗan yake ci, amma duk bugun ganga na neman ninkin wannan sau goma ko fiye, na ɗan ƙiftawar ido. Inji mai rara zai ba da wannan ya koma ya huta. Ƙarami idan ya kai iyakarsa sai ya datse kan sautin, ya fitar da shi a guntule. Wannan datsewar tana haifar da ƙarin siririn sauti mai kaushi wanda babu shi a waƙar, kuma na'urar raba sauti da ke cikin akwatin tana tura duk siririn sauti zuwa tuwita. Ga shi kuma mai gida bai ji ƙarar ta ishe shi ba, sai ya ƙara murɗawa. Bes ya riga ya tsaya a iyakarsa, abin da ke ci gaba da hauhawa na tuwita ne. Ita kuwa kwayil ɗinta waya ce siririya ƙwarai, rabonta a cikin wat 100 ɗin nan ɗan kaɗan ne. Sai ta yi zafi, ta yanke. Kamar ƙaramin janareta ne da aka ɗora wa firiza: ba ya ƙin ɗauka, amma wutar da yake bayarwa a wannan hali ita ke lalata kaya.

Abubuwa uku ne ke kai mutane wannan iyaka ba su sani ba. Na ɗaya maɓallin bes. A yawancin injuna, murɗa shi zuwa ƙarshe ƙarin dB 10 ne ko kusa da haka, wato kana neman ninki goma na wat a ɓangaren da ya riga ya fi kowane cin wuta. Ka danna maɓallin loudness a kai kuma, ka gama da injin tun ƙara ba ta je ko'ina ba. Bar bes a tsakiya. Idan manyan akwatuna ba su ba ka bes a haka ba, matsalar wurin ajiyewa ce ko juyin waya, za mu zo kai.

Na biyu, matsayin maɓallin ƙara ba ya nuna yawan wat. Da yawa suna cewa ai ban taɓa wuce rabi ba. Idan abin da ka jona, dikoda ko na'urar faifai ko kwamfuta, yana turo sauti da ƙarfi, injin na iya kai ƙarshensa tun maɓallin yana tsakiya. Kunnenka ne mita. Da zarar murya ta fara kaushi, ko ganga ta daina bugawa a dunƙule ta koma yagewa, ka wuce iyaka, rage nan take.

Na uku namu ne na gida: raunin wuta. Amfilifaya mai taransifoma ƙarfinta na bin bolt ɗin bango, kuma faɗuwar tasa ta fi ta bolt ɗin tsanani. Idan wutar NEPA ta sauko daga 230 zuwa 180, inji mai wat 100 ya koma kusan mai 60. Saitin da ya yi lafiya da rana shi ne zai datse sauti da daddare lokacin da unguwa duk ta kunna kaya. Wannan kaɗai ya isa dalilin sayen inji mai rara da kuma sitabilaiza da ta fi abin da yake ja da tazara mai kyau.

Babbar amfilifaya ma tana kisa, ban ce ba ta yi. Amma tana gargaɗi: za ka ji ufa tana ƙwas-ƙwas tana dukan ƙarshenta, ko ka ji ƙaurin kwayil. Mai hankali zai rage.

Kada ka tara mata akwatuna

Dubi abin da aka rubuta kusa da maɗaurin waya na injin, yawanci za ka ga 4 zuwa 16 ko 8 zuwa 16. Kada ka sauka ƙasa da ƙaramar lambar. Akwati biyu masu om 8 a kan tasha ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, sun zama om 4. Biyu masu om 4 sun zama 2, wanda kusan babu injin gida da zai jure. Maɓallin A+B a yawancin injuna haka yake haɗa su. Ranar suna ko walima ne ake wannan ɓarnar, a aro akwatunan maƙwabci a ɗaura a kai, a zafin watan Afrilu, injin kuma yana cikin kabad a rufe. In an yi sa'a ya kashe kansa ya huce. In ba a yi ba, sai wurin mai gyara.

Haka injin sinimar gida mai tashoshi biyar ko bakwai: lambar da ke kwalinsa galibi an auna ta ne da tasha ɗaya ko biyu kawai a kunne. Idan kiɗa ne damuwarka, sayi mai tasha biyu.

Gwaji a shago

Tafi da waƙar da ka sani sosai a wayarka, ka sa a kashe duk ƙarin bes. Kara kunne a kowace tuwita ka tabbatar tana magana, domin a kayan gwanjo ita ce ke zuwa a mace. Cire ragar gaba ka dubi soson da ya zagaye ufa. In yana marmashewa a yatsa sai an canza shi, a rage maka kuɗin. Danna ufar a hankali da yatsu a baje, kada ka ji gurzawa. In kana da mitar gwajin wuta, akwati mai om 8 zai nuna wajen 6, wannan daidai ne. Injin gwanjo kuwa dubi bolt ɗinsa kafin kowa ya soka shi a bango: na Japan 100 ne, na Amurka 120, sai da taransifomar rage wuta, kuma kuɗinta na cikin lissafi.

Haɗawa

Manta da wayar lasifika mai tsada. Wayar wuta mai laushi ta tagulla zalla, milimita 1.5, ta isa. In nisan ya wuce mita goma sa 2.5. Ja a ja, baƙi a baƙi a duka ɓangarorin, in ka juya ɗaya bes zai ɓace. Idan alamar ta goge, taɓa wayoyin akwatin da batirin tocila mai bolt 1.5: in ufa ta turo waje, wayar da ke taɓa ɓangaren + na batirin ita ce ja. Murɗe bakin waya sosai, sili ɗaya da ya taɓa ɗan'uwansa ya isa ya ƙona inji. Janye akwatunan daga kusurwa da bango kamar taku ɗaya, tuwita daidai kunnen wanda ke zaune. Kada ka ɗora komai a kan ramukan iskar injin. Shi ake kunnawa a ƙarshe, shi ake fara kashewa, kuma in an ɗauke wuta kashe shi a soket kafin a tayar da janareta.