Kurakuran da Masu Koyon Taswira da Kamfas Suka Fi Yi a Legas

Ranar wata Lahadi a Agege na miƙa wa wani saurayi kamfas, na ce ya nuna mini gabas. Ko kallon allurar bai yi ba. Ya juya inda muke fuskanta in za mu yi salla, ya miƙa hannu ya ce, "Malam, ai ga gabas nan." A maganar yau da kullum bai yi laifi ba, haka muka taso muna faɗa. Amma a kan kamfas, inda ake ƙirga digiri daga arewa, gabas digiri 90 ce, alƙibla kuwa daga Legas wajen digiri 63 take, wato ta karkata arewa sosai. Wanda ya ɗauki ɗaya a madadin ɗaya, kafin ya cika kilomita guda ya kauce hanya da kusan rabin kilomita. Da wannan nake fara wa kowa, domin kuskure ne da ya zauna mana a baki. Gyaransa shi ne ka raba su a ranka: alƙibla daban, gabas ta taswira daban.

Rana ma tana ruɗar mutane. Sau biyu kawai a shekara take fitowa daga gabas sak, wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba. A watan Yuni mafitarta kan matsa arewa da fiye da digiri 20, a Disamba ta koma kudu da kwatankwacin haka. Ga wani abin da ba a cika lura da shi ba: Legas digiri 6 da ɗoriya take arewa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, saboda haka daga Afrilu zuwa farkon Satumba inuwarka da tsakar rana kudu take nunawa, sauran watannin kuma arewa. Tauraron arewa da ake ba da labari kuwa can ƙasa yake daf da doron ƙasa, benaye da hazo sun rufe shi. Kada ka jingina da shi a garin nan.

Sai riƙon kamfas. Allurarsa maganaɗisu ce, duk ƙarfen da ke kusa jan ta yake yi. Na sha ganin mutum ya ɗora kamfas a kan bonet ɗin mota, ko ya riƙe shi da waya a hannu ɗaya, ko ya tsaya gindin taransfoma yana ɗaukar saiti, wato digirin inda zai dosa. A Legas ƙarfe ya yi yawa: gadar masu tafiya da ƙafa, layin dogo, rodin da ke cikin kankare, kwantenonin da aka mai da shaguna. Ka matsa taku goma daga wurin, ka sa wayar a aljihun baya, ka shimfiɗa kamfas ɗin a tafin hannu daidai cibiya, ka jira allura ta natsu. In ka sake matsawa ka ga ta canja magana, akwai ƙarfe a kusa. Jan bakin allura shi ke nuna arewa. Masu ɗaukar ɗaya bakin suna da yawa, kuma su ne ke juya baya ga inda za su ba su sani ba.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne riƙe taswira kamar jarida, rubutu a miƙe, komai inda mutum ya dosa. Taswira juya ta ake yi har arewarta ta dace da jan bakin allura. Daga nan abin da ke hagunka a ƙasa zai zama a hagu a takarda. Ka ɗora babban yatsa inda kake tsaye, ka riƙa matsar da shi kana tafiya. Ka kuma riƙe manyan alamomin gari a ka: teku na kudu, babban tafkin Legas na gabas da Yaba da Ebute Metta, layin dogo ya taso daga Ebute Metta ya ratsa Mushin da Oshodi da Ikeja ya wuce Agege ya yi arewa. Wanda ya san ɓangaren layin dogon da yake, ya rage rabin ɓata.

Nisa kuma ba a ƙiyasta shi da "ga shi nan kusa". In taswira ta ce 1:50,000, santimita 2 a takarda kilomita 1 ce a ƙasa. In 1:25,000 ce, santimita 4. Ka auna mita 100 a filin ƙwallo, ka ƙirga sau nawa ƙafarka ta dama ta taka ƙasa. Yawancin manya sukan samu tsakanin 60 da 70, amma naka ka riƙe, ba na abokinka ba. A rairayin bakin teku ko cikin taɓo adadin zai ƙaru.

Ka duba shekarar da aka buga taswirar. Tsohuwa za ta nuna maka ruwa a inda Eko Atlantic take yau, ta nuna fadama a wuraren Lekki da gidaje suka cika. Wanda kuma ya samu taswirar gasar neman hanya da kamfas, wasan da ya samo asali daga Suwidin, ya sani launukanta daban ne: fari kurmi ne da ake iya ratsawa, rawaya ce fili.

In ka ga alamun ƙasa sun daina dacewa da takarda, tsaya nan take. Sabon shiga yakan ƙara sauri, yana lallashin kansa cewa waccan kwanar ce wannan. Ka ɗauki saitin da ka zo da shi, in bai kai 180 ba ka ƙara 180, in ya wuce ka rage 180, ka bi shi ka koma wurin ƙarshe da ka tabbatar da shi. Daga can sai ka sake daidaita taswira da allura, ka fara ƙirgen taku daga ɗaya.