Yadda ake kantun riɗi mai ƙaras-ƙaras

Ki rege riɗi kofi 2 sosai, don tsakuwa ɗaya tana ɓata kantu. Bayan ya bushe, ki soya shi ba mai a wuta kaɗan-kaɗan, kina juyawa har ya fara tsalle yana ƙamshi. In ya yi duhu, ɗaci zai yi.

Ki narkar da sukari kofi 1 a busasshiyar tukunya, ki ɗiga ruwan lemun tsami kaɗan don kada ya dunƙule. Da ya yi kalar zuma, sauke ki juye riɗin, ki gauraya da sauri. Ki zuba a farantin da kika shafa wa mai, ki murza da kwalba, ki yanka tun da zafinsa. In ya huce, farfashewa zai yi. Ki adana a mazubi mai murfi, iska na sa shi danƙo.