Matakan aikin tambayoyin bincike gida-gida

Sababbin da aka ɗauka wannan aiki sun yi ta tambayata ta ina ake farawa. Ga yadda nake yi:

1. Tun da dare ka cika waya da caji, ka duba ko fom ɗin tambayoyi ya sauka a KoboCollect, manhajar waya da ake cike amsoshi a ciki.
2. Rataya katin shaidarka a wuya.
3. Fara kai wa mai unguwa takardar izini. In ya haɗa ka da ɗan rakiya, aiki ya zo da sauƙi.
4. Nufi gidan da ke cikin jerin gidajen da aka ba ka.

Hattara: in ba kowa, kada ka cike gurbi da gidan maƙwabci. Rubuta lokaci, ka dawo. Nan ne aka fi ɓata bincike, kuma abin yana damuna ƙwarai.

5. Yi sallama a zaure, ka jira maigida. Gidan "ba shiga" kuwa, abokiyar aikinka ce za ta shiga wurin mata.
6. Gaisa a natse.
7. Faɗi wanda ya turo ka, da cewa sunansa ba zai fita ba.
8. Nemi yardarsa. In ya ƙi, yi godiya ka wuce.

Kada ka yi alkawarin tallafi. Da zarar an sa rai da kuɗi, amsoshi sun karkace.

9. Karanta tambaya yadda take, ba tare da sa masa amsa a baki ba.
10. Dattijon da bai riƙe shekarunsa ba, tambaye shi: "Baba, kana da aure lokacin juyin mulkin 1983?"
11. Ɗauki GPS, wato lambobin da ke nuna inda gidan yake, da wayarka a fili.
12. Tura fom ɗin kafin ka kwanta.