Yadda ake ceto tsohon kan jirgin ƙasa mai tururi daga tsatsa

Layin dogon ƙasar Ghana da aka fara daga Sekondi a 1898 ya iso Kumasi a 1903, na Accra kuma ya haɗe da shi a 1923. Faɗinsa ƙafa 3 da inci 6. Kawunan jirgin da suka yi ta jan koko da katako a kansa da yawansu masu cin kwal ne, galibi ƙirar Ingila, har na dizal suka zo suka ture su. Idan ƙungiyarku ta samu izinin hukumar reluwe ta ɗauki nauyin wani da ya rage, ku sani aiki ne mai yiwuwa. 'Yan sa-kai ne suka karɓi layin Talyllyn a Birtaniya a 1951, kuma yana aiki har yau.

Ruwa ne ke kashe kan jirgi. A Kumasi, inda damina ke zuwa sau biyu a shekara, rumfar kwano ta fi fenti gaggawa. Kafin a samu kuɗinta, a rufe bututun hayaƙi da faifan ƙarfe. Kada a lulluɓe jirgin da tamfol har ƙasa, domin zufar da ke taruwa a ciki ta fi ruwan sama ɓarna.

Tun ranar farko a kwance usur, agogon awon tururi da allunan lamba, a ɗauki hotonsu, a kulle a ɗaki. Tagulla ce, 'yan gwangwan kuwa ba sa jira.

Daga nan sai akwatin hayaƙi da ke gaba. A buɗe ƙofarsa a kwashe tokar tas, haka ma ta ƙarƙashin murhu. Tokar kwal na ɗauke da farar wuta, idan ta jiƙa sai ta zama asid mai cin ƙarfe, shi ya sa gindin akwatin ke fara hujewa. A kankare da buroshin waya, a shafa fentin kare tsatsa sau biyu. Ita ma tukunyar da ke dafa ruwa ya zama tururi, a kwance murafenta, a tsiyaye ruwan, a wanke laka, a bar ta a buɗe iska na ratsa ta.

Akwai wurin da muke roƙo a yi hattara sosai. Tsakanin tukunya da rigar ƙarfen da ke waje, galibi akwai wani farin abu kamar auduga, asbestos ke nan. Yana riƙe ruwa, yana cin tukunyar ta waje ba a gani, ƙurarsa kuma na jawo kansar huhu bayan shekaru. Kada a sa yaran gareji su yage shi da hannu. Aikin ƙwararru ne, a jiƙe ake cire shi, da takunkumi na musamman.

Ƙafafu na son kulawa duk wata. Ruwa na kwanciya a ƙarƙashin mai cikin akwatin gatari, sai a zuƙe shi a zuba sabon mai. A tura jirgin gaba kaɗan, yadda ƙafar ba za ta tsaya inda take a da ba, in ba haka ba tsatsa ta yi wa gatarin rami. Sandunan fistan a shafe su da giris.

Maganar hura wuta ita ce ta ƙarshe, kuma ba kowane kan jirgi ne zai kai can ba. Maƙeran Suame Magazine, unguwar makanikai da ke Kumasi, za su iya ƙera noti, fil da bushi daidai da tsohon, amma walda a jikin tukunya sai da sa hannun injiniyan tukunya. Shi zai auna kaurin ƙarfen da na'ura, ya bi ƙusoshin da ke riƙe bangon murhu da guduma ɗaya bayan ɗaya: lafiyayya tana amsawa rau, karyayya kuwa dum. Sannan a cika tukunyar maƙil da ruwa, a matsa da famfo har ninki ɗaya da rabi na ƙarfin aikinta. Mai aiki a fam 180 a kowane inci murabba'i, a kai ta 270. Da ruwa ake gwajin saboda idan wuri ya gaza yoyo kawai zai yi, tururi kuwa fashewa yake.

A sake sabuwar toshiyar dalma da ke rufin murhu. Dalma na narkewa a digiri 327 na ma'aunin Celsius, saboda haka idan ruwa ya yi ƙasa ita ce za ta narke, tururi ya fesa cikin murhu ya faɗakar da mai wuta. Ranar hurawa a fara da ƙaramar wutar itace tun daren da ya gabace ta, domin zafin gaggawa na sa bututu yoyo. Kafin jirgin ya motsa a buɗe famfunan ƙarƙashin silinda, ruwan da ya taru ya fita, don idan fistan ya daki ruwa murfin silinda ne ke tsagewa.