Yadda za a lura da rikicewar tunani yayin shan magungunan garkuwar jiki

Magungunan da ke danne garkuwar jiki ko sauya aikinta suna taimaka wa masu cututtukan jijiya irin su MS (multiple sclerosis, cutar da garkuwar jiki ke lalata rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka), amma wasunsu kan taɓa tunani, kuma sau da yawa iyali ne ke fara ganewa kafin majiyyacin.

Kafin a fara magani, a nemi likita ya gwada ƙwaƙwalwa da gwaji irin MoCA mai maki 30, domin a sami abin kwatantawa daga baya. Sannan a tanadi littafin da za a riƙa rubuta ranar shan magani da duk canjin da aka gani, kamar maimaita tambaya ɗaya ko kasa kammala lissafin da aka saba yi.

Magungunan sitiroyid, musamman idan an ba da su da yawa, sukan jawo rashin barci, saurin fushi da mantuwa, yawanci cikin makonnin farko, kuma hakan yakan lafa idan an rage su. Sai dai kada a daina su kwatsam, domin yin hakan yana da haɗari ƙwarai.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne maganin MS mai suna natalizumab, saboda yana iya ba ƙwayar cutar JC damar kama ƙwaƙwalwa, kuma haɗarin yana ƙaruwa bayan shekara 2 ana karɓarsa. Alamun sukan shigo sannu a hankali har a ɗauka tsohuwar cutar ce. Idan hali ya canza, magana ta sarƙe, ko gani ya raunana, a garzaya asibiti a ranar, a faɗi sunan maganin domin a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa na MRI.